Shela a Kasuwar Intanet: Ƙungiyoyin Sa-kai da Amanar Mai Bayarwa



Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba yadda ƙungiyoyin sa-kai da na agaji, watau waɗanda aka kafa ba don neman riba ba, suke yayata ayyukansu da neman gudummawa ta hanyar intanet. Batun ya shafi kusan kowa a cikin wannan zaure, gama da wuya a sami ɗalibi ko ma'aikacin da ba ya cikin wata ƙungiya, ko ta tsofaffin ɗalibai, ko ta ci gaban garinsu, ko ta abokan sana'a. Da wuya kuma mako ya fita ba a turo masa saƙo a waya ana neman ya sa hannu a aljihu saboda wani mabukaci da bai taɓa gani ba.

Tun da yake kowane zance da kalma ake gina shi, ya kyautu a fara tsayawa a kan kalmomi. Bahaushe ya bambanta talla da shela da roƙo. 'Yar talla kayanta suna bisa kanta, mai saye ya gani, ya taɓa, wani lokaci har ya ɗanɗana kafin ya biya. Sanƙira ba ya sayar da kome, saƙo ya ɗauko, kuma ana kasa masa kunne ne saboda darajar wanda ya aiko shi. Maroƙi kuwa karɓa yake yi ya mayar da yabo, wanda ya ba shi ya san abin da ya saya, watau suna. To, ƙungiyar da ta buɗe shafi a intanet takan haɗa ayyukan nan uku a baki ɗaya, galibi ba tare da ta lura ba. Dabarun da take amfani da su daga 'yan kasuwa aka aro su, alhali kuwa a farantinta babu abin da mai bayarwa zai ɗauka ya tafi da shi gida.

Abin da mai bayarwa yake saye

A shekarar 1980 wani masanin shari'a na Amurka, Henry Hansmann, ya yi wata tambaya mai kama da ta yara, amma mai zurfi: me ya sa ake da ƙungiyoyin da doka ta hana su raba riba? Amsar da ya bayar ita ce ginshiƙin wannan lacca. Mutumin da ya sayi buhun masara don gidansa zai kwance bakin buhun, in ya tarar da tsakuwa ya koma wa mai rumfa. Amma wanda ya ba da kuɗi don a kai buhun nan ga masu fama da yunwa a wata ƙasa mai nisa ba shi da hanyar sanin ko an kai, ko rabi aka kai, ko kuwa ba a kai ba sam. Wanda ya biya daban, wanda ya ci daban, kuma ba su san juna ba. Saboda haka ne, in ji Hansmann, hankalin mai bayarwa ya fi kwanciya da ƙungiyar da masu tafiyar da ita ba su da ikon zuba rarar kuɗi a aljihunsu.

In an bi wannan tunani zuwa ƙarshensa za a ga cewa abu guda kaɗai mai bayarwa yake samu a madadin kuɗinsa, shi ne labari: labarin halin da ake ciki kafin ya bayar, da labarin abin da aka yi bayan ya bayar. Ashe ke nan labari shi ne hajar ƙungiya. Wadda ta ƙara masa gishiri ta yi algus, wadda ta ɓoye sashensa ta tauye mudu, ko da kuwa ba ta taɓa kwabo ɗaya na kuɗin jama'a ba.

Intanet ta karya farashin shela har ya kusa komawa kyauta. Dā can ƙungiya sai ta buga takardu, ta sayi kan sarki, ko ta biya kuɗin fili a gidan rediyo. Yanzu sakatare ɗaya da waya ɗaya yana iya isar da magana ga mutum dubu kafin ya gama shan shayi. Sai dai tazarar da ke tsakanin mai bayarwa da mai karɓa tana nan yadda take. Daɗin daɗawa an sami mutum na uku a tsakani, watau mai dandalin, kamar Facebook ko YouTube, wanda kuɗinsa daga masu talla yake fitowa, kuma na'urarsa ce take zaɓen abin da za a nuna wa kowa, tana fifita abin da ya fi riƙe ido. Ƙungiya takan wayi gari tana saƙa labarinta daidai da abin da na'urar nan take so. Babu misalin da ya bayyana wannan kamar abin da ya faru a shekarar 2012.

Fim ɗin Kony

Ran 5 ga watan Maris na 2012 wata ƙungiya mai suna Invisible Children, wadda wasu samari uku suka kafa a birnin San Diego na Amurka a 2004, ta saki wani fim na kimanin minti 30 a intanet, mai suna Kony 2012. Fim ɗin a kan Joseph Kony ne, madugun 'yan tawayen LRA na arewacin Uganda, wanda Kotun Duniya mai hukunta manyan laifuffuka ta ba da sammacin kama shi tun 2005 saboda kisan jama'a da sace yara ana mayar da su sojoji. Cikin kwana shida aka kalli fim ɗin sau miliyan 100. Ba a taɓa ganin irin wannan gudu ba kafin lokacin.

In ana maganar iya shela, lalle a sara wa masu fim ɗin. Sun ɗauki yaƙin da ya haura shekara ashirin suka mayar da shi labarin mutum uku: mugu ɗaya, yaro ɗaya ɗan Uganda da aka kashe wa ɗan'uwa, da mai ba da labarin, Jason Russell, wanda aka nuno yana bayyana wa ƙaramin ɗansa ko wane ne mugun. Sa'an nan suka faɗa wa mai kallo abin da zai yi dalla-dalla: ya sa hannu a takardar alkawari, ya sayi ƙunshin warwaro da fastoci a kan dala 30, ya tura fim ɗin gaba, ya matsa wa fitattun mutane 20 da 'yan siyasa 12 da aka zayyana sunayensu. Har wa'adi suka yanka, cewa kafin ƙarshen shekarar a kama Kony. Akwai kuma abin da masu kwaikwayonsu sukan manta. Ƙungiyar ta shafe shekaru tana zagaya makarantu da majami'u na Amurka tana nuna finafinanta, tana tara sunayen matasa. Da aka bi sawun yadda fim ɗin ya fara bazuwa, sai aka tarar daga waɗannan matasa ne, a garuruwa matsakaita, wutar ta tashi. Watau itacen an daɗe da tara shi, intanet iska kawai ta hura.

Amma fa ba a nan gizo ke saƙa ba. A lokacin da fim ɗin ya fito, Kony da mutanensa sun bar Uganda tun wajen 2006, sun watsu a dazuzzukan Kwango da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da Sudan ta Kudu, kuma yawansu bai wuce 'yan ɗaruruwa ba. Fim ɗin ya ambaci wannan, amma a gurguje, har galibin masu kallo suka tashi da zaton yaƙi na ci a Uganda. Bai tsaya a kan sansanonin da gwamnatin ƙasar ta tattara mutum fiye da miliyan ɗaya da rabi a cikinsu ba, inda cuta da yunwa suka yi ɓarna mai yawa. Bai tsaya a kan zargin da ake wa sojojin gwamnati ba, alhali su ne yake neman a ƙarfafa. Shugabannin addini da dattawan Acholi da suka yi ta faɗi-tashin sulhu, har aka yi zaman tattaunawa a Juba daga 2006 zuwa 2008, ba su sami wurin tsayawa a cikinsa ba. In an ɗauki jimlolin fim ɗin ɗaya bayan ɗaya, da wuya a ce ga ƙarya ƙarara. Mudun ne aka tauye.

Mutanen da aka ba da labarinsu su suka fara ganewa. Bayan mako guda wata ƙungiyar matasa ta ƙasar ta kafa majigi a fili a garin Lira na arewacin Uganda, don waɗanda yaƙin ya shafa su ga abin da duniya take kallo a kansu. Dubban mutane suka hallara. Kafin a gama sai jifa ta fara tashi, aka watse, aka kuma soke sauran wuraren da aka shirya nunawa. Abin da ya fi ɓata musu rai shi ne ganin sunan wanda ya yanke musu gaɓoɓi ya sace musu 'ya'ya an buga shi a riguna da warwaro kamar ɗan takara. Firayim Ministan ƙasar na lokacin, Amama Mbabazi, shi ma ya fito a YouTube yana shaida wa duniya cewa Kony ba ya Uganda.

Sai kuma aka waiwayi lissafi. Masu suka suka buɗe rahoton kuɗin ƙungiyar na shekarar da ta gabata, suka nuna cewa kimanin kashi ɗaya bisa uku ne na abin da ta kashe ya tafi ayyuka a Afirka kai tsaye, saura ya tafi wajen shirya finafinai da tafiye-tafiye da albashi. Ƙungiyar ta amsa cewa wayar da kai shi ma aikinta ne, kuma tana da gaskiyarta, sai dai mai sayen warwaro ba haka ya fahimta ba. Nauyin abin ya yi wa ƙungiyar yawa, shi kansa Russell sai da ya kwanta asibiti cikin wannan wata. Ran 20 ga Afrilu, daren da aka sa don a lulluɓe biranen duniya da fastoci, mutane ƙalilan ne suka fito. A ƙarshen 2014 ƙungiyar ta ba da sanarwar rufe yawancin ayyukanta na Amurka. Adalci ya sa a faɗa cewa ta yi aikin ƙwarai wanda bai yi amo ba: ta kafa na'urorin rediyo a ƙauyukan Kwango da Afirka ta Tsakiya don su riƙa gargaɗin juna in mahara sun doso, ta kuma riƙa aika saƙon kira ga mayaƙa su ajiye makami su komo gida. Kony kuwa, a 2017 Amurka da Uganda suka janye daga farautarsa, kuma a watan Satumba na 2025 kotu ta saurari tuhumar da ake masa ba tare da yana wurin ba.

Fuska ɗaya da taron jama'a

Me ya sa ƙungiyoyi suke faɗawa wannan rami, har da masu kyakkyawar niyya? Akwai wani gwaji da masana halayyar ɗan Adam uku, Small da Loewenstein da Slovic, suka buga sakamakonsa a 2007. An ba ɗalibai dala 5 kowannensu, aka ba su damar su bayar da abin da suka ga dama ga wata ƙungiyar agajin yara. Waɗanda aka nuna wa alƙaluman miliyoyin masu yunwa a Afirka sun bayar da dala 1.14 a matsakaici. Waɗanda aka nuna wa hoto da labarin yarinya guda 'yar shekara 7 a ƙasar Mali sun bayar da dala 2.38. Abin mamaki, waɗanda aka haɗa wa yarinyar da alƙaluman sai suka sauko zuwa dala 1.43. Daga baya wasu sun maimaita gwajin ba su sami bambanci mai ƙarfi haka ba, saboda haka kada a ɗauke shi kamar yankan wuƙa. Amma masu neman gudummawa sun riga sun haddace darasin: a nuna fuska, a ɓoye bayani.

Daga nan ne hoton yaro mai kumburarren ciki da ƙudaje a ido ya zama jari. Hoton yana kawo kuɗi, babu musu. Tambayar ita ce wa ya biya farashinsa. Yaron ba a nemi izininsa ba, kuma intanet ba ta mantuwa, zai girma ya tarar da kansa tsirara a idon duniya. A 2012 wata ƙungiyar ɗalibai da malaman jami'a ta ƙasar Norway ta yi wa wannan ɗabi'a shaguɓe da wani bidiyo, inda aka nuno 'yan Afirka suna tara na'urorin ɗumama ɗaki don su ceci mutanen Norway daga sanyi. Dariya aka yi, amma saƙon ya shiga. A 2020 ƙungiyar Comic Relief ta Ingila ta ce ta daina tura taurari zuwa Afirka su ɗauko hoto da marasa lafiya, za ta riƙa ba masu shirya fim na ƙasashen aikin. Duk wanda ya taɓa ganin hoton majinyaci kwance a gadon asibiti yana yawo a WhatsApp, da lambar asusun banki a ƙarƙashinsa, ya san wannan magana ba ta Turawa kaɗai ba ce.

Bokitin ƙanƙara

Kada a zaci duk abin da ya yi amo a intanet banza ne. A watannin Yuli da Agusta na 2014 wani wasa ya mamaye Facebook: mutum ya sheƙa wa kansa bokitin ruwan ƙanƙara a gaban kyamara, ya kira sunan abokansa su ma su yi, ko su ba da gudummawa don yaƙi da ciwon ALS, wanda yake kashe jijiyoyin motsi sannu a hankali har numfashi ya gagara. Ba wata ƙungiya ce ta ƙago shi ba. Masu fama da ciwon ne, musamman Pete Frates na Boston da Pat Quinn na jihar New York, suka ɗaura wasan a kan ciwonsu, abokansu suka ɗauka. An ɗora bidiyo kimanin miliyan 17 a Facebook. Ƙungiyar ALS ta Amurka ta karɓi fiye da dala miliyan 100 cikin wata guda, alhali a daidai wannan lokaci na shekarar da ta gabata dala miliyan 2.8 ta samu. Jimillar abin da ya shigo mata ya kai dala miliyan 115.

An yi wa wasan ba'a ƙwarai, ana cewa nuna kai ne kawai, kuma da yawa daga masu jiƙa kansu ba su san ko sunan ciwon ba. Wannan gaskiya ne. Ita ma ƙungiyar ta yi tuntuɓe, don ta nemi ta yi rajistar sunan wasan ya zama mallakarta, sai da jama'a suka yi ca a kanta ta janye. Amma abin lura shi ne yadda ta yi da kuɗin. Ta fito ta faɗi rabon da ta yi, dala miliyan 77 ga bincike, saura ga kula da majinyata da sauran hidimomi, ta kuma ci gaba da ba da bayani shekara bayan shekara. A 2016 masu binciken da ta tallafa wa suka gano wata ƙwayar gado mai suna NEK1 da ke da hannu a ciwon. Wani magani da kuɗin bokiti ya taimaka wa gwajinsa ya sami izinin hukuma a 2022, sa'an nan babban gwaji ya nuna ba ya aiki, aka janye shi daga kasuwa a 2024. Wannan ma yana cikin lissafi, kuma duk mai bayarwa yana iya sani.

Bambancin bokiti da fim ɗin Kony ke nan. Masu bokiti ba su yi alkawarin warkar da kowa kafin ƙarshen shekara ba, waɗanda abin ya shafa su ne a gaba, kuma akwai tsayayyar ƙungiya mai shekaru da ta san inda za ta zuba kuɗi. Duk da haka, da aka nemi a maimaita wasan a 2015, abin da aka samu bai kama ƙafar na farko ba. Frates ya rasu a 2019, Quinn a 2020. Ƙungiyar da ta tsara kasafinta a kan irin wannan sa'a ta yi shuka ne da ruwan bazara.

Shekara guda kafin bokiti, reshen UNICEF na ƙasar Sweden ya fitar da wata sanarwa mai ɗaci, yana shaida wa mabiyansa na Facebook cewa danna alamar yabo ba ya yi wa ko yaro ɗaya rigakafin shan-inna, allura da kuɗi ake sayenta. Ya kamata kowane sakataren ƙungiya ya tuna da wannan in ya zo karanta rahoton shekara yana alfahari da yawan mabiya.

Rumfar aro

Akwai wani rauni kuma wanda ba a cika ambata ba. Shafin da ƙungiya ta buɗe a Facebook ko X ba nata ba ne, rumfa ce aka ba ta aro, kuma zanen aro ba ya rufe katara. A watan Janairu na 2018 Facebook ya sauya tsarinsa ya fifita saƙon dangi da abokai a kan na shafuffuka, sai ƙungiyoyin da suka shekara suna tara mabiya suka ga sai sun biya kafin maganarsu ta kai ga mabiyan nasu. A watan Fabrairu na 2023 kamfanin Amazon ya rufe shirinsa na AmazonSmile, wanda ta hanyarsa ƙungiyoyi masu yawa suke samun ɗan kaso daga cinikin magoya bayansu. Ba wanda ya shawarce su.

A Nijeriya an ga abin da ya fi wannan. Daga 5 ga Yuni 2021 zuwa 13 ga Janairu 2022 gwamnati ta dakatar da Twitter, wanda yanzu ake kira X. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a jihar Zamfara da wasu sassa na maƙwabtanta saboda matsalar tsaro. Ran 4 ga Oktoba na wannan shekara Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke a duniya baki ɗaya na kusan awa shida. Ƙungiyar da ba ta san 'ya'yanta ba sai ta cikin waɗannan dandali, a irin waɗannan ranaku ba ta da 'ya'ya.

Abin da ƙungiya ta mallaka da gaske shi ne rajistarta: sunayen membobi da masu ba ta gudummawa, da lambobinsu, da adireshinsu na imel, waɗanda suka bayar da yardarsu. Ita ma rajistar amana ce, kuma ma'aikatan gwamnati da ke nan sun san cewa tun watan Yuni na 2023 akwai dokar kare bayanan mutane a Nijeriya, wadda ta hana a yi amfani da su yadda aka ga dama. Haka nan dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa ƙungiyoyi masu rajista su riƙa miƙa bayanin lissafinsu ga Hukumar Rajistar Kamfanoni. Abin takaici ne a ce ƙungiya ta shirya lissafi don hukuma, sa'an nan ta ɓoye shi ga waɗanda suka ba da kuɗin.

Har wa yau akwai batun harshe. Ƙungiyoyi da yawa a arewacin Nijeriya suna rubuta shafinsu da Ingilishi tsantsa, domin idonsu yana kan masu ba da tallafi na ƙasashen waje. Ba laifi ba ne a yi wa mai kuɗi magana da harshen da yake ji. Amma in mutanen da ake aiki dominsu ba za su iya karanta abin da aka faɗa a kansu ba, to an cire mai duba mudu daga kasuwa. Saƙon murya na minti biyu da Hausa, ko Kanuri, ko Fulfulde, ya isa ya mayar da shi. Mutanen Lira da jifa suka yi nasu gyaran, don ba a bar musu wata ƙofa ba.

Misalai biyu daga gida

A watan Oktoba na 2020, lokacin zanga-zangar neman a rusa rundunar SARS, wata ƙungiyar mata matasa mai suna Feminist Coalition, wadda ba ta fi wata uku da kafuwa ba, ta tara kusan naira miliyan 148 don abinci da magani da lauyoyi. Ko mutum yana goyon bayan zanga-zangar ko ba ya yi, akwai abin koyo a yadda suka riƙe kuɗin. Kowace rana suna fitar da jadawali: ga abin da ya shigo, ga abin da ya fita, ga inda ya tafi. Da hanyar karɓar kuɗi ta banki ta toshe musu suka koma Bitcoin, kuma masu bayarwa suka bi su, don jadawalin suke bi. Ran 22 ga watan suka ce sun daina karɓa, suka faɗi yadda za a raba saura. Ƙungiya ta ce wa jama'a kuɗi ya isa, wannan abu ne da ba a saba ji ba. Ko da hakan, bayan 'yan watanni sai da aka taso su da tambayoyi a kan ragowar Bitcoin ɗin, suka sake fitowa da bayani. Wanda ya saba wa mutane da lissafi ba ya hutawa da shi.

Na biyun ya fi nauyi. A daren 14 ga Afrilu 2014 'yan Boko Haram suka sace 'yan mata 276 daga makarantar sakandaren gwamnati ta Chibok a jihar Borno, 57 suka kuɓuta da kansu. Bayan kwana biyu rundunar soja ta ba da sanarwar cewa an ceto duka sai takwas, daga baya ta janye maganar. Ran 23 ga watan, Oby Ezekwesili ta yi kira a wani taro a Fatakwal cewa a dawo da 'yan matan, wani lauya a Abuja, Ibrahim Abdullahi, ya mayar da kiran take a Twitter, watau BringBackOurGirls. Ran 30 ga wata aka yi tattaki a Abuja, wanda Hadiza Bala Usman take cikin waɗanda suka shirya shi. Shugaban ƙasa bai yi magana a bainar jama'a a kan lamarin ba sai 4 ga Mayu. Bayan kwana uku Michelle Obama ta ɗaga kwali mai ɗauke da taken, Amurka da Ingila da Faransa suka yi tayin taimako.

A nan shela ta yi abin da aka san ta da shi: ta hana a binne magana. Masu fafutikar kuma sun ɗauki wata hanya da ta saɓa wa ta Invisible Children, suka ƙi karɓar tallafin kuɗi daga waje, don kada a ce an saye su. Suka kafa zama a dandalin Unity Fountain na Abuja, kullum suna faɗin adadin kwanakin da 'yan matan suka yi a hannun mahara. Wannan ƙirga ita ce lissafinsu, kuma ita ta riƙe batun a raye bayan taurarin duniya sun ajiye kwalayensu cikin 'yan makonni.

Sai dai akwai ɗaya gefen. Wasu 'yan jarida biyu, Joe Parkinson da Drew Hinshaw, da suka bi diddigin lamarin suka buga littafi a kansa a 2021, sun nuna cewa amon da duniya ta yi ya ɗaga darajar 'yan matan a idon waɗanda suka kama su, ya sa cinikin sakinsu ya ƙara tsauri. Ya kuma sa ido ya tsaya a kan Chibok kaɗai, alhali dubban mata da yara aka sace a yankin waɗanda babu mai ɗaga kwali dominsu. 'Yan mata 21 da aka sako a watan Oktoba na 2016, da 82 da aka sako a watan Mayu na 2017, ta hanyar tattaunawar sirri aka same su, da sa hannun gwamnatin Switzerland da taimakon ƙungiyar Red Cross ta duniya, mutanen da aikinsu ya dogara a kan yin shiru. A watan Afrilu na 2024, da aka cika shekara goma, fiye da 80 daga cikin 'yan matan ba su komo wurin iyayensu ba.